Keken da Inna Ba Ta Jin Zuwansa

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da tukwanenki da rundunar maginan madatsar ruwan da kike ciyarwa. Mu nan lafiya lau. Inna tana gaishe ki, ta ce in tambaye ki ko har yanzu kina zuba gishiri a miya kamar mai jin haushin masu ci. Ƙafarta ta yi sauƙi. Idon kam yana nan yadda kika bar shi, ko hasken taga ba ta gani, amma kunnen sai abin da ya ƙaru. Jiya ina lallaɓa gwangwanin sukari a kicin, daga ɗaki ta ce, "Maigida, na ji cokalin ya sake komawa." Haka nake zaune da uwarki, ba dama mutum ya yi ɗan ha'inci.

Tunda har yanzu babu layin waya a dajin naku, na ba direban motar kayan abinci wannan takarda, don akwai shawarar da nake nema. Kin san daga gida zuwa maɗaba'ar da nake yankan takarda ba wata tafiya ba ce, amma hawan nan na bayan gada ya ishe ni. Gwiwar hagu ta fara yi mini ƙorafi, kuma kullum sai in isa sharkaf da gumi, alhali takarda ba ta son hannu mai danshi. Makon jiya na bar shatin yatsa a kan katin gayyatar wasu mutane. Manaja ya kalle ni daga sama har ƙasa, wallahi gara ya zage ni.

To, mai gyaran keke na bakin kasuwa yana da keke mai batir, na hannu, amma lafiyarsa ƙalau. Na gwada shi. Goggo, kina taka feda kaɗan sai ki ji kamar wani ya tura ki ta baya. Ana cire batirin a shiga da shi ɗaki a jona kamar waya, caji ɗaya ya kai ni ya dawo da ni har da saura. Birki na kamawa, tayoyin ba su suɗe ba, kuma zai shiga ƙarƙashin matakala. Kuɗin bai fi ƙarfina ba, in dai ya karɓi tsohon keken Baba a cike da shi.

Nan matsalar take. Kin san Inna da wannan keke. Ya zama tsatsa zalla, murfin tayar baya yana kaɗawa ƙwaram-ƙwaram, sarƙa na kuka, yaran lungu har waƙa suke yi mini. Amma ita tun ina shan kwanar shagon tela take jin sa, kafin in kai ƙofa ta zare sakata tana cewa, "Maigida ya dawo, kowa ya shiga hankalinsa." In na ce zan rabu da shi kuka za ta yi mini. Ni ina ganin in yi abina shiru, in ta saba sai in faɗa mata. Me kika gani?

Ɗanki,
Dogo

*

Dogo,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta zo a makare, motar ta yi kwanaki maƙale a laka, har takardar ta ɗauki warin albasa. Lafiyata lau, ban da bayan nan da ba ya barina in na daɗe a tsaye. Ka ce wa Inna gishirin a wajenta na gada.

Keken batir ka saya, Allah ya sa albarka. Ka dai tabbatar batirin ba ya zafi, kuma kada ka jona shi ka fita ka bar mini tsohuwa da ba ta gani da shi a ɗaki.

Amma keken Yaya, kada ka kuskura. Kai tsohon ƙarfe kake gani, ita kuwa tun ba a haife ka ba take buɗe wa wannan ƙarar ƙofa. Ranar da ubanka ya faɗi a wajen aiki ya rasu, abokin aikinsa ne ya hawo keken ya kawo gida. Lokacin idonta yana gani. Ta ji ƙwaram-ƙwaram, ta tashi ta zare sakata tana murmushi, sai ta ga baƙo riƙe da kan keke. Daga ranar hannunta bai sake taɓa sakatar nan ba sai da ƙafarka ta kai feda ka fara hawansa. Ina tsaye a wurin ranar da ta sake buɗewa. Kai kana ta murnar ka iya keke, ba ka kalli fuskarta ba.

In kuɗin ne bai cika ba ka jira ni, zan aiko. Sannan wannan dabarar taka ta yin shiru, ka ajiye ta can. Wa ya taɓa ɓoye wa Inna abu ya ci riba? Ka zaunar da ita ka faɗa mata, ta yi faɗanta ta huce.

Goggonka

*

Goggo,

Ina gaishe ki, ina yi miki sannu da ciwon baya. Ni lafiyata lau. Inna ma ba za a ce ba ta da lafiya ba, amma ki karanta har ƙarshe.

Takardarki ta tarar na riga na yi. Na jira amsa har na gaji, sai mai gyara ya ce wani ya fara taya keken batirin, na je na miƙa na Baba na karɓo. Da na karanta abin da kika rubuta jikina ya yi sanyi. Ban san wannan labarin ba, wallahi ban sani ba.

Keken dai ba shi da laifi. Ina hawa tudun gada kamar ina zaune a kujera, ina isa aiki a bushe, gwiwa ta yi shiru. Shirun ne ma ya yi yawa. Ranar farko na sha kwanar tela, na tsaya a ƙofa, ƙofa a rufe. Sai da na zazzage jaka na nemo makullin da ban taɓa amfani da shi ba. Na shiga na tarar da ita a kujerarta ta bakin taga, ta karkata kunne wajen lungu. Na yi sallama, ta zabura har sandarta ta faɗi. Ta ce, "Wane ne?" Na ce ni ne mana. Sai ta ce, "Ban ji zuwanka ba." Na ce keken yana wajen gyara. Ƙarya ce, na sani, bakina ne ya riga ni.

Bayan 'yan kwanaki na shigo na aje mata abinci, sai ta ce, "Ɗazu ya wuce." Na ce wa? Ta ce, "Keken. Ya sha kwana, ya zo daidai ƙofa ya rage gudu, na tashi zan buɗe, ya wuce." Na yi dariya, a raina na ce mai gyara ya sayar wa wani ɗan unguwar nan ke nan. Na ce mata ai masu keke da yawa suke. Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Na san hawan Maigidana. Ba ya taka ƙafar hagu da ƙarfi." Goggo, ban taɓa faɗa mata zancen gwiwar nan ba.

Tun daga ranar ba ta sake ce mini Maigida ba. Bawan Allah take ce mini, da ladabi kuma, irin wanda ake yi wa baƙon da ba a so a ɓata wa rai. In na tsokane ta na ce amaryata ta yi fushi, sai ta ja gyalenta ta rufe kai. In na miƙa mata kwano ta ce ta gode, ta ture shi gefe. Sai abin da matar tela ta kawo take ɗan taɓawa. Abin yana ci mini rai ƙwarai, amma ina ganin fushi ne, zai wuce.

Dogo

*

'Yata,

Ni ce uwarki. Matar tela ce ke rubuta mini, na ce ta sa yadda na faɗa, kada ta gyara mini magana. Ina gaishe ki. Jikina da sauƙi.

Ki zo gida. Akwai wani a gidan nan. Muryarsa irin ta Dogo ce, tarinsa ma haka, ya san inda ake ajiye komai. Ba zan ɗauki alhakinsa ba, bai cuce ni ba, har wanki yake yi mini. Amma ba a jin zuwansa. Sai dai kawai ki ji shi tsaye a tsakar ɗaki yana sallama, kuma da makulli yake shigowa. Dogo bai taɓa shigowa da makulli ba.

Yarona yana waje. Kullum da yamma yana zuwa har ƙofa, ya rage gudu, ya wuce, kamar ya ga an riga shi shiga. Ƙafata ba ta da sauri, kafin in kai sakata ya yi nisa. Kada ki ce mini tsufa ne. Ido na rasa, kunnena yana nan.

Uwarki

Goggon Dogo, ni ce matar tela nake ƙarawa daga ƙasa, ba ta san na sa ba. Dogo ne, da idona nake ganinsa safe da yamma. Ƙarar da take faɗa ni ban ji ba, amma keken ɗinkin maigidana ba ya barin mutum ya ji komai. Ta rame sosai. Jiya kuma a bakin babban titi na tsince ta, ba takalmi, tana lalube tana kiran sunansa.

*

Dogo,

Ba ni da lokacin doguwar gaisuwa, direba yana jirana da mota a kunne. Ina fatan kana lafiya, kuma wannan karon da gaske nake tambaya.

Inna ta aiko mini takarda ta hannun matar tela, ta zo tare da taka. Na karanta tata a bayan kicin. Allah ya yafe mini, sai da na ɗauko tsofaffin takardunka na jera ina gwada rubutun da na yanzu. Ka ga inda ka kai ni. Naka ne, har yanzu kamar kaza ta yi tono, sannan na samu na yi numfashi.

Wane irin fushi? Uwata ba fushi take yi ba, tsoro take ji. Tana zaune a ɗaki ɗaya da wanda ba ta yarda da shi ba, ba ta ci, ta fara bin titi. Ka san an tsince ta a bakin babban titi, ko matar tela ta ɓoye maka? Ka je wajen mai gyaran nan yau ɗin nan, ka nemo wanda ya sayi keken Yaya, ko nawa ya ce ka ce to. Ka hawo shi ka sha kwanar nan yadda ka saba. Sannan ka durƙusa ka faɗa mata gaskiya.

Na nemi izinin tafiya. Sun ce sai mai canjina ta iso, ita kuma ruwa ya cinye hanya. Ina nan kamar a kan ƙaya. Ka rubuto ko layi biyu ne.

Goggonka

*

Goggo,

Ina gaishe ki. Ki yi haƙuri da jinkiri, na rasa ta inda zan fara ne. Ni ina nan. Inna tana nan, sai dai zanenta yana zagaye ta sau biyu yanzu.

Na je wajen mai gyara. Na ce wa ka sayar wa? Ya dube ni ya ce, "Sayarwa? Wa zai sayi wannan?" Ashe tun yammacin da na kai shi motar masu sayen tsohon ƙarfe ta zo, a gabansa suka sa zarto suka raba shi, suka watsa cikin tarkace. Na ce ya tuna da kyau. Ya rantse, yaran shagonsa suka rantse. Ƙararrawar kawai ya cire don tana da kyau, ya ciro ta daga aljihun tebur ya ba ni kyauta.

Sai na yi wautar da har yanzu nake cizon yatsa. Na ɗaura ƙararrawar a sabon keke, na ɗaure gwangwani a tayar baya don ya yi ƙara, na sha kwana ina kaɗawa. Ƙofa ba ta buɗe ba. Da na shiga na tarar da ita manne da bango. Ta ce, "Gwangwanin naka ne, amma ƙararrawar tasa ce. Ina ka samo ta? Me ka yi masa?" Goggo, ban taɓa jin Inna ta yi irin wannan kukan ba.

Na durƙusa na faɗa mata komai, tun daga gwiwa har zuwa zarto. Na shigo da keken har tsakar ɗaki, na kama hannunta na ɗora. Ta shafa sirdi, ta shafa batir, ta kai yatsunta hanci ta shinshina. Ta janye hannu ta goge a zane. Ta ce, "Na ji, bawan Allah. To in an yanka keken tun ranar, wa ke zuwa ƙofata?"

Shekaranjiya na roƙi manaja na dawo da wuri, na zauna kusa da ita a bakin taga don in ji da kunnena. Rana tana nan, lungu fayau, an ɗauke wuta ma, keken ɗinkin tela ya yi shiru. Can sai ta ɗaga kai. Fuskarta ta juya wajen kwana, ta biyo lungun a hankali a hankali, leɓenta yana motsi. Na kasa kunne har kaina ya yi ciwo, ban ji komai ba. Amma kyanwar maƙwabta da ke kwance a tsakiyar hanya ta miƙe, ta matsa gefe, ta bi wani abu da kallo har ƙarshen lungu, sannan ta koma ta kwanta. Ba wai ina cewa wani abu ba ne, ina faɗa miki abin da na gani kawai. Tun ranar ina jin tsoron yamma.

Yanzu ta sa matar tela ta matsar mata da kujera jikin ƙofa, hannunta a kan sakata take yini. Na yi tunanin in riƙa kulle ta ta waje saboda titi, zuciyata ta ƙi. Na kai ta asibiti, likita ya ce jini ya yi ƙasa, ta ci abinci. Wa zai ba ta? Ki zo, don Allah.

Dogo

*

Goggo,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Inna ta rasu. Direba ya ce hanya ta buɗe, wataƙila ma ki haɗu da takardar nan a tsakiyar tafiya. Mun yi mata sutura, mutanen lungu sun yi ƙoƙari ƙwarai. Allah ya ba mu haƙuri, ke da ni. Zan faɗa miki yadda aka yi, don ba na son ki ji a bakin wani.

Ranar na taso daga aiki kamar kullum. Ina shan kwana na hango ƙofarmu a buɗe hanhai. Gabana ya faɗi, na ce ta fita titi. Na yar da keken a ƙasa na shiga da gudu.

Tana zaune a kan tabarma, ta yi wanka, ta ɗaura zanenta mai kyau na ƙasan akwati. Kwanon da na bar mata da safe tas, har ta suɗe. Kofin shayi biyu a gabanta, duk an sha. Na tambayi matar tela daga baya, ta ce ranar ba ta leƙo ba, kuma ba ta ga kowa ya shiga ba. Fuskar Inna kuwa, rabon da in ga haske irin wannan a kanta tun kafin in sayi keken.

Ta ji motsina, wannan karon ba ta zabura ba. Ta ce, "Bawan Allah, kai ne? Zo nan." Na durƙusa. Ta lalubo hannuna ta riƙe, karo na farko tun da abin nan ya fara. Ta ce, "Yau na riga shi, na buɗe ya shigo. Ya yi mini faɗa wai ba na cin abinci. Na gode maka da hidima, ka yi mini wanki, ka yi mini girki, ban kyauta maka ba, ka yafe mini. Amma Maigidana ya dawo, kana iya tafiya."

Na ce, "Inna, ni ne Dogo. Ni ne Maigidan naki." Ina faɗa ina kuka kamar ƙaramin yaro. Ta bubbuga bayan hannuna ta ce, "Allah ya yi maka albarka. Ka gaishe da mutanen gidanku." Ta ce barci take ji, na gyara mata matashi. Kafin rana ta faɗi ta cika.

Mutane suna ta ce mini na yi sa'a, kakata ta sa mini albarka a bakinta na ƙarshe. Ina cewa amin. Ba wanda zan iya gaya wa cewa baƙo ta sa wa. Ta tafi cikin farin ciki, na gode wa Allah da wannan, amma ni da ta raina da hannunta sallamata ta yi kamar ɗan aiki, kuma ni na jawo, ba kowa ba.

Ki yi sauri, Goggo. Ina zaune a ɗakin nan ni kaɗai, kuma ina so wani nawa ya shigo ya kira ni da sunana.

Ɗanki,
Dogo